Abin Da Barira Ta Gani A Kogi

Daga bakin ajinsa Saifuddeen ya fara hango ta, tana zaune a kan benci a ƙarƙashin darbejiyar makarantar firamaren da yake koyarwa a Bahindi, da tulin takardu a cinyarta. Sai ta ɗaga wannan ta duba, ta ɗaga waccan, ta sake komawa kan ta farko, bakinta a ɗan buɗe kamar wadda aka kawo wa mummunan labari.

Ya san da zuwanta. Hedimasta ya faɗa musu cewa wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin ilimi za ta zo daga Birnin Kebbi, tana bincike a kan abin da ke sa yaran garuruwan bakin iyaka barin makaranta. Shi ya ɗauka wata babbar mace ce za ta zo. Bai zaci doguwar budurwa mai wushirya ba, wadda ko a cikin damuwa fuskarta ke da haske.

Ya ƙarasa ya yi sallama. Ta amsa, ta miƙo masa takardun tun kafin su gama gaisawa.

"Malam, don Allah duba mini. Idona ne, ko kuwa mutum ɗaya ne ya cike duk waɗannan?"

Takardun tambayoyi ne da ta raba wa iyayen yara. Yana gani ya gane rubutun wani dattijo da ke rubuta wa mutanen unguwa duk wata takardar da ta fito daga hukuma. Ya bayyana mata cewa iyayen wurinsa suka kai, shi kuma ya zaɓa musu amsar da yake ganin ba za ta jawo wa kowa magana ba.

Ta mayar da takardun cinyarta. Daga baya ta ce sunanta Munawwara, kuma aikin makonni ne ya tafi a banza. Ta ce tun farko malamar da ke duba aikinta ta ba ta shawarar ta bi wata hanya: ta zauna da mutane, ta bar kowa ya ba da labarin zamansa da makaranta da bakinsa, ta naɗa, daga cikin labaran ta ciro abin da take nema. Ita ce ta ƙi, domin abokan karatunta dariya suke yi wa wannan hanya, suna cewa tatsuniya ce aka sa wa rigar bincike.

"Yanzu kam ba ni da zaɓi," in ji ta. "Sai dai rabin mutanen da nake son ji Dandanci suke yi, ni kuwa ko gaisuwa ban iya ba."

Saifuddeen ya ce dangin mahaifiyarsa Dandawa ne, da harshen ya tashi. Bai san lokacin da ya ƙara da cewa bayan an tashi makaranta ba shi da wani aiki ba, alhali gonar shinkafarsa na can tana jiran sa.

Haka suka fara. Ita a kan kabu-kabu, shi a kan mashin ɗinsa, suna bin ƙauyuka daga Bagudo, inda ta sauka a gidan gwaggonta, har zuwa tungayen masunta na bakin kogin Kwara. Duk inda suka zauna, sai ta fara yi wa mutum alkawari kafin ta kunna rikoda: ba mai jin muryarsa sai ita da tafintanta, za ta sauya masa suna a rubutu, kuma duk ranar da ya ce a cire labarinsa za ta cire.

Abubuwan da suka ji sun ba su mamaki su duka biyun. Wani saurayi ya ce ranar da aka yi masa dariya a aji saboda Hausarsa ta Dandawa ce ranarsa ta ƙarshe a makaranta. Wata uwa ta ce ba ƙin boko take yi ba, lokacin jarrabawa ne ke faɗowa daidai lokacin da tsuntsaye ke sauka a shinkafa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. Saifuddeen, da ya yi shekaru yana kiran sunayen yara a aji, ya tarar da cewa bai san inda waɗanda suka daina amsawa suke tafiya ba.

Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne yadda Munawwara ke sauraro. Ba ta katse mutum, ba ta cika masa magana. Idan mai labari ya yi shiru, ita ma sai ta yi shiru har ya dawo da kansa.

Wata rana da la'asar, bayan sun rabu, saƙonsa ya shigo wayarta:

"Mai Rikoda, kin ji labarin kowa a ƙasar Bagudo. Akwai wani malamin firamare da ke da nasa, amma yana tsoron kada a ce bai shiga cikin binciken ba."

Ta karanta, ta rufe fuska da gyale ko da yake ba kowa a ɗakin, sannan ta amsa:

"Tafintana, ka gaya masa ya zo ya faɗa. Nasa ba zan sauya masa suna ba, kuma ba zan ba kowa ya karanta ba."

Washegari ya zo zance gidan gwaggonta, cikin farar shadda. Mutumin da ke juya harshe biyu ba tare da tuntuɓe ba sai ga shi yana in'ina. Ita ta taimake shi, ta ce ta riga ta fahimta, kuma amsarta ba za ta ɓata masa rai ba. Tun daga ranar ya daina kiran ta Mai Rikoda, ya koma kiran ta Haskena.

Sai dai akwai wani a gefe. Shamsuddeen abokin karatunta ne, ɗan aminin mahaifinta, kuma a gidan su Munawwara kowa ya ɗauka shi za ta aura in ta gama. Shi ma yana nasa binciken a Bagudo, da takardun tambayoyi da lissafin kwamfuta. Yakan zo gidan gwaggon ya yi ta zolayarta da cewa ta zama mai tara tatsuniyoyin tsofaffi. Da ya lura da yadda take ambaton Saifuddeen, zolayar ta ragu, kallonsa ya sauya.

Ana cikin haka wata mata a kasuwar kifi ta ce musu in labarin barin makaranta suke nema, su tsallaka ɓangaren Benin, su nemi Barira mai bandar kifi a wata tungar masunta. Ta ce a ɓangaren Najeriya aka haife ta, kuma an ce tana yarinya ba wanda ke gabanta a aji.

Suka bi jirgin 'yan kasuwa da safe. Suka tarar da Barira a gindin murhun bandarta, mace mai shekaru talatin da wani abu, siririya, hayaƙi ya rina mata idanu. Ta saurari alkawarin Munawwara har ƙarshe, ta tambaya ko da gaske ba mai ji, aka tabbatar mata. Sannan ta fara, Saifuddeen na mayarwa da Hausa.

Ta ce babanta, Hamma, shi ne mai fiton da ke tsallakar da yaran tungarsu da na ƙauyen kusa zuwa makaranta. Ita tana aji huɗu a lokacin. Wata safiya da damina iska ta taso musu a tsakiyar ruwa, jirgin ya kife. Babanta ya yi ta nutso yana fito da yara, masunta suka kawo ɗauki, aka ceto kowa sai yaro ɗaya, ɗan hedimastan makarantar.

Muryar Saifuddeen ta ɗan yi ƙasa, amma ya ci gaba.

Ta ce hedimastan ya tsaya a gaban jama'a ya ce ganganci ne, ba ya son ya sake ganin Hamma a bakin ruwan nan. Mutane suka daina shiga jirginsa, suka daina amsa gaisuwarsa. Kafin kaka suka kwashe kayansu suka tsallako nan. Ita ba ta ƙara taka ƙofar aji ba.

Barira ta gyara itace a murhu, ta ce akwai abin da ba wanda ya taɓa tambayarta, saboda yarinya ce a lokacin. Yaron nan ba kasa tsira ya yi ba. Ya riga ya kama gefen jirgin, ya tsira. Ita ya gani tana nutsewa, ya saki, ya kamo ta, ya tura ta har hannunta ya kama itacen jirgin. Tana juyowa ta ga ruwa ya ja shi.

"Sunansa Zulkiflu," in ji ta.

Wannan kalma ba ta buƙaci tafinta ba, kuma ba ta samu ba. Munawwara ta juya ta ga Saifuddeen ya daskare, idanunsa a kan Barira. Ta kashe rikodar.

Da ƙyar ya iya tambayar sunan hedimastan. Barira ta ce Malam Lauwali, mutumin Matsinkai.

"Babana ne," ya ce. "Zulkiflu wana ne."

Barira ta saki itacen da ke hannunta. Ta kalli fuskarsa ta daɗe, sannan ta rufe kanta da zane ta fara kuka marar sauti.

A jirgin komowa ya gaya wa Munawwara cewa yana goye a bayan mahaifiyarsa abin ya faru. Abin da ya sani kawai shi ne yana da wa wanda ruwa ya ci. Ba a ambaton sunan a gidansu. Mahaifiyarsa, Inna Halima Sa'adiya, ba ta cin kifi har yau, kuma bai taɓa tambayar dalili ba.

Ta ce in yana so za ta nemi iznin Barira ya kai wa iyayensa labarin. Ya ce a ba shi lokaci, babansa na da hawan jini, sai ya nemi hanyar da zai faɗa masa a hankali.

Lokacin bai samu ba.

Kwamfutar Shamsuddeen ta lalace a wannan makon, ya zo ya ari ta Munawwara don ya ƙarasa lissafinsa. Kafin nan ya same ta cikin damuwa, ya tambaye ta, ita kuma ta ce masa wani labari ta naɗo da ya taɓa gidan su tafintanta, ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Ba ta faɗi suna ba, kuma ba ta kawo komai a ranta ba da ta miƙa masa kwamfutar.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wata murya ta fara yawo a wayoyin mutanen Matsinkai da Bahindi. Muryar mace ce da Dandanci, da muryar namiji yana fassarawa, an yanko daidai inda ake cewa hedimasta ya kori mai fito, ya raba yarinya da karatu. A ƙasa an rubuta: "Ku ji abin da 'yar Birni ke tarawa a kan dattawanmu, kuma ku ji wa ke taya ta."

Kowa ya gane muryar Saifuddeen. Duk wanda ya manyanta ya gane hedimastan.

Malam Lauwali na zaune a zaurensa wani tsohon ɗalibinsa ya kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya aika a kira masa ɗansa.

"Kai na haifa," ya ce, muryarsa a ƙasa. "Kai ka zauna gaban baƙuwa kana juya mata mutuwar wanka da bakinka, ta ɗauka ta watsa ga duniya. Wagga ita ce ka ce min kana so? In dai ina da rai, ɗiyar da ke tallar baƙin cikin mutane ba ta shigo min gida."

Saifuddeen ya buɗe baki zai faɗi sauran labarin, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce kada ya sake ya ambaci sunan yaron nan a gabansa. Daga cikin gida ana jin kukan Inna.

Ya fito ya tsaya a bakin hanya, ya rubuta:

"Munawwara, a gabana kika yi wa matar nan alkawari. Ni da ke kaɗai muka san da wannan muryar, ni kuwa ba ni da ita a wayata. Innata na kuka, babana ya kasa tashi. Ban san me zan ce miki ba."

Tana tsakar gida tana taya gwaggo tsince shinkafa saƙon ya shigo, muryar na biye da shi. Ta kunna, ta ji Barira na magana daga cikin wayarta, farantin ya suɓuce daga hannunta. Ta kira shi ya fi a ƙirga, bai ɗauka ba.

Ba ta daɗe tana tunani ba ta gano hanyar da abin ya bi. Ta sa hijabi ta tafi masaukin Shamsuddeen, ta same shi a waje yana wanke mota. Bai ma wahalar da kansa wajen musu ba. Ya ce ai ita ce kullum ke cewa muryar talaka ta cancanci a ji ta, to ga shi an ji. Ya ƙara da cewa gara ta san irin gidan da take shirin shiga tun yanzu.

Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Tare suka yi wasa suna yara. Ta ce masa ba ita ya cuta ba, wata mata ya cuta da ba ta san da zamansa a duniya ba, sannan ta juya.

Da yamma ta rubuta wa Saifuddeen:

"Malamina, ba ni na watsa ba, amma ta hannuna ta fita, domin ni na ba da aron kwamfutar ba tare da na kulle muryoyin ba. Ba zan ce ka yarda da ni yanzu ba. Gobe zan tafi wurin Barira, ita ce ta fi kowa haƙƙi a kaina."

Gwaggonta ta ce abin mai sauƙi ne: ta ɗauki cikakkiyar muryar ta kai Matsinkai a kunna wa dattijon, ya ji yadda ɗansa ya rasu, shi ke nan a wanke ta. Malamarta ma da suka yi waya ta nuna tashin hankalinta, ta ce abin zai iya kai wa ga soke binciken gaba ɗaya. Munawwara ta ce ko za a soke, ba za ta kunna wa kowa sauran ba. An riga an saci rabin maganar Barira, ba za ta ba da ɗaya rabin da hannunta don ta ceci kanta ba.

Mahaifinta, Alhaji Malami, ya kira daga Birnin Kebbi, maganar ta riga ta kai masa ta bakin Shamsuddeen. Ya ce ta tattaro kayanta ta dawo gida, kuma kada ya ƙara jin sunan wani malamin ƙauye. Ta roƙe shi ya bar ta ta sauke nauyi ɗaya tukuna.

Da safe, da ta isa bakin ruwa, ta tarar da Saifuddeen a zaune a cikin jirgin, idanunsa sun yi ja.

"Ba ki jin Dandanci," ya ce, bai kalle ta ba. Can da jirgin ya yi nisa ya ƙara da cewa, "Na yi miki mummunan zato, Haskena. Ban ma tsaya na tambaye ki ba."

"Ai da dalilinka," ta ce. Hawayen da ta riƙe tun jiya suka zubo.

Muryar ta riga su isa tungar, domin waya ba ta san iyaka ba. Barira ba ta shimfiɗa musu tabarma ba. Munawwara ta durƙusa a gabanta a kan ƙasa, ta faɗa mata duk yadda aka yi, ba ta rage nata sakacin ba. Ta ce za ta goge muryar a gabanta, ta cire labarin daga aikinta, kuma duk abin da Barira ta yanke a kanta ta karɓa.

Barira ta ce tsohon babanta bai fito daga ɗaki ba tun jiya. Ta ce ta yarda da su, suka mayar da ita abin nuni. Ta yi faɗa sosai, Saifuddeen na fassarawa kansa a sunkuye. Sai da ta huce ta tambaya wane ɓangare aka watsa, domin labari kawai ta ji, ba ta saurara ba. Da aka gaya mata, ta ɗago da sauri.

"Wato uwar tasa ba ta ji yadda ya mutu ba?"

Saifuddeen ya ce ba ta ji ba. Ya ce Munawwara ta ƙi kunna sauran sai da izninta.

Barira ta dubi Munawwara, dubawa ta daban da ta ɗazu. Ta shiga ɗaki ta sauyo zane, ta fito ta ce ba na'ura ce za ta faɗa wa uwa irin wannan magana ba. Da bakinta za ta faɗa.

Rana ta take suka isa Matsinkai. Munawwara ta tsaya a waje a gindin bango, ta ce ba a yi mata iznin shiga ba. Malam Lauwali da ya ji cewa 'yar Hamma ce baƙuwar sai ya miƙe zai bar gidan, amma Inna Halima Sa'adiya ta fito har bakin zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, bari ta hwaɗi," ta ce. "Ɗana ne. Ita ta gan shi ƙarshe."

Barira ta zauna a gaban Inna, ta faɗa mata da Dandanci, harshen da Inna ta sha a nono, ba tafinta a tsakaninsu. Ta faɗi iskar, ta faɗi yadda babanta ya yi ta nutso har jini na fita ta hancinsa. Ta faɗi yadda Zulkiflu ya saki jirgin. Ta ce duk 'ya'yan da ta haifa, da numfashin da ya bar mata ta haife su, kuma ɗanta na fari sunansa ta sa masa.

Inna ta riƙe fuskar Barira da hannu biyu tana kallo. Shekara da shekaru tana kwana da tunanin ɗanta ya mutu yana kiran ta cikin tsoro. Ba ta taɓa sanin da ƙarfin zuciyarsa ya tafi ba.

Malam Lauwali na tsaye a bakin ƙofa, yana jin Dandanci daidai gwargwado. Saifuddeen ya kama hannunsa ya zaunar da shi. Ya daɗe yana salati. Da ya gama, abu ɗaya ya tambaya: ko Hamma na da rai.

Aka ce yana nan, ya tsufa, idonsa ya yi rauni.

"Gobe ku kai ni," ya ce. Mutumin da bai ƙara shiga jirgi ba tun waccan damina.

Sannan ya tambayi inda yarinyar take. Aka shigo da Munawwara, ta durƙusa daga nesa. Ya tambaye ta me ya hana ta kawo masa muryar tun jiya ta wanke kanta. Ta ce ba tata ba ce, amana ce.

Ya jinjina kai. Ya ce shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, ya rubuta rahoto a kan yaran da suka bar makaranta ba adadi, kuma a nasa rahoton abin da ya rubuta a gaban sunan Barira shi ne iyayenta sun ƙaura.

"Tashi, ɗiyata," ya ce. "Shiga wurin innarki ki sha ruwa."

Abin da dattawan biyu suka faɗa wa juna a tungar ba wanda ya ji, domin su kaɗai suka shiga ɗaki. An dai ga sun fito Malam Lauwali na riƙe da hannun Hamma yana yi masa jagora.

Saura Alhaji Malami. Gwaggo ce ta hau mota ta je Birnin Kebbi ta zayyana masa komai. Ya kira Shamsuddeen a gaban mahaifinsa ya tambaye shi, yaron ya kasa ɗaga kai. Alhaji ya kwana biyu cikin mamaki, domin yaron a hannunsa ya girma. Bayan nan ya ce a gaya wa mutanen Matsinkai ƙofarsa a buɗe take.

Binciken bai mutu ba, amma ya sha wuya. Jami'a ta sa Munawwara ta koma wurin duk wanda ta naɗa, ta gaya masa abin da ya faru, ta sake neman izninsa. Wasu suka ce a cire nasu, ta cire. Hakan ya ja mata ƙarin zangon karatu guda. Barira kuwa ta ce a bar nata, kuma kada a sauya mata suna, ta gaji da zama wadda ba a tambaya.

Ranar da ta kare aikin a gaban malamai, wani farfesa ya tambaye ta ko labarin mutum ɗaya zai iya zama hujja. Ta ce labarin bai gaya mata yara nawa suka bar makaranta ba, wannan aikin ƙidaya ne, kuma tana girmama shi. Amma ya gaya mata abin da ya kamata a ƙidaya: makarantu nawa ne yaransu ke tsallaka ruwa kafin su isa aji. Farfesan ya rubuta wani abu, bai sake tambaya ba.

Tana fitowa ta tarar da saƙo:

"Haskena, Baba ya ce in tambaye ki ko an gama, domin shinkafar biki ta gaji da jira a rumbu. Ni ban ce komai ba. Ni mai haƙuri ne, kowa ya sani."

Ta amsa:

"An gama, angona mai haƙuri. Wanda ya kira ni sau bakwai ina cikin ɗakin jarrabawa."

Bayan girbi aka ɗaura auren a Birnin Kebbi, aka kawo amarya Matsinkai da rana tsaka, motoci da mashina har bakin gonaki. Jirgi guda ya tsallako daga Benin cike da mutanen tunga. Barira ce ta riƙe hannun amarya ta shigar da ita gidan, Hamma kuma na zaune a zaure kusa da Malam Lauwali ana gaishe su tare.

Inna Halima Sa'adiya ta zaunar da ango da amarya a gabanta, ta ɗora hannu a kan kowannensu. Ta yi musu addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka, ta roƙi Allah ya sa su zama masu rufa wa juna asiri, masu jin maganar juna tun kafin ta yi nauyi. Mata suka amsa da amin.

Sannan ta ƙara da abin da ba a taɓa ji daga bakinta ba a tsakar gidan nan.

"Allah ya jiƙan Zulkiflu," ta ce a fili. "Da yana nan, shi zai karɓa wa ƙanensa aure."

Daga zaure muryar Malam Lauwali ta amsa, a sarari, kowa na ji: "Amin."

Saifuddeen ya dubi matarsa ta ƙarƙashin mayafi ya ga tana kuka tana murmushi. Ya matso kaɗan, ya ce mata a hankali, "Sannu da zuwa gida, Haskena."